Idan Mutum Ya Yi Mankas Da Giya, Kar A Ce A Bar Shi Ya Yi Barci

Ko kai ba ka taɓa kurɓar giya ba a rayuwarka, wata rana za ka iya tsintar kanka a gaban wanda ya sha ya yi mankas ya zube ƙasa, kuma abin da za ka fara ji a bakin mutane shi ne a kwantar da shi ya yi barci, gobe zai warware. Wallahi wannan maganar ita ta fi ba ni tsoro, don a cikin irin wannan barcin wasu suke tafiya.

Ita hanta ba ta san gaggawa ba, abin da take iya tacewa a awa ɗaya bai fi kamar ƙaramin kofi ɗaya ba, to wanda ya kwankwaɗi biyar shida a jere ka ga ragowar duk tana yawo a jini kenan. Kuma ko ya daina sha, wadda ke cikin tumbi da hanji tana ci gaba da shiga jini, shi ya sa wanda ka kwantar yana ta surutu zai iya ƙara nutsewa bayan rabin awa ko awa ɗaya. Giya tana danne ƙwaƙwalwa ne, har da ɓangaren da ke kula da numfashi da wanda ke sa mutum tari idan abu ya shiga masa maƙoshi. Sai ya yi amai yana rigingine, aman ya gangara huhu ya shaƙe shi, ko ihu ba zai yi ba.

To farko ka kira sunansa da ƙarfi, ka girgiza masa kafaɗa, ka mintsine shi. In bai buɗe ido ba, ko ya buɗe ya sake lumshewa nan take, sai ka ɗauko waya ka kalli ƙirjinsa ka ƙirga numfashi na minti ɗaya cikakke. Ƙasa da sau 8 a minti, ko yana ɗauke numfashi na daƙiƙa 10 kafin ya ja wani, wannan ya wuce maye. Haka in leɓensa ko farcensa sun yi duhu-duhu, jikinsa ya yi sanyi ƙalau, ko yana jijjiga, ko yana amai bai farka ba. Ɗaya daga ciki ma ya isa a kira motar asibiti ko a ɗauke shi a tafi, ba sai sun haɗu duka ba.

Kafin taimako ya zo ka juyar da shi ya kwanta a gefe ɗaya, ka lanƙwasa gwiwar da ke sama ta tokare ƙasa don kar ya mirgina, ka sa tafin hannunsa a ƙarƙashin kumatu, ka ɗan ɗaga haɓarsa, bakin yana kallon ƙasa yadda in amai ya zo zai zubo waje. Ka lulluɓe shi da bargo saboda giya tana zubar da ɗumin jiki ko da shi yana jin zafi. Sannan ka zauna da shi, kar ka ja ƙofa ka tafi. In numfashi ya tsaya gaba ɗaya ka mayar da shi rigingine ka fara danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri.

Kar a ɗura masa kofi ko ruwa yana sume, kar a sheƙa masa ruwan sanyi, kar a zura masa yatsa a baki wai ya amayar, kar a ta da shi ana zagaye da shi. Duk babu wanda ke rage giyar da ke jini a cikinsu, sai dai ya faɗi ya fasa kai ko ya ƙware.

A asibiti don Allah a faɗi gaskiya. Na san kunya da tsoron tonon asiri su ke sa abokai su ɓoye, amma likita yana buƙatar sanin me ya sha, nawa, tun yaushe, musamman in ya haɗa da tramadol ko kodin ko maganin barci irin su diazepam, don su ma numfashi suke dannewa, haɗuwarsu da giya ita ke saurin kisa. Giyar da aka haɗa a ɓoye kuma wani lokaci akwai wani sinadari mai guba da ake kira metanol a ciki, mutum zai yi kamar ya warware, sai bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai da ciwon ciki su taso ido ya fara dishi-dishi, wannan asibiti ne kai tsaye don yana makantarwa.

Rigakafi dai mafi tabbas rashin sha ne. Wanda kuma yake sha, to kar ya sha cikinsa ba komai, kar ya shiga gasar wa ya fi shanyewa, kar ya haɗa da ƙwaya, kar ya taɓa sitiyari. Mata da masu ƙaramin jiki ta fi saurin kama su. Yara kuwa kaɗan ta isa ta kayar musu da sukarin jini har su suma, shi ya sa ko sanitaiza ta wanke hannu a ajiye ta inda hannunsu ba zai kai ba.