Kurakuran da masu kiwon shanun gasa suka fi tafkawa kan nakasar gado

Babban kuskure dai shi ne yarda da ido. Mutum ya ga bijimi ya cika ya batse, gashi luf-luf, ƙafa a miƙe, ya ci kofi a wajen baje koli, sai ya ce ai wannan lafiyarsa lau. Eh lafiyarsa lau ɗin, amma abin da yake ɗauke da shi a jini fa? Yawancin nakasar nan ɓoyayyiya ce, sai maraƙi ya gaji gurɓatacciyar ƙwayar halitta daga uwa ya kuma gaji irinta daga uba kafin ta fito fili, daidai da yadda sikila take tsakanin AS da AS. Ka haɗa mai ɗauke da ita da mai ɗauke da ita, kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 maraƙi ya fito da nakasa, kashi 50 ya zama mai ɗauke da ita, kashi 25 ya tsira. Kowane ciki fa na ce. Wasu sai saniya ta haifi lafiyayyu uku a jere su ce shi ke nan ta wanku, alhali sa'a ce kawai.

Gyaran ba wuya, gwajin DNA. A tsige gashin jela da saiwarsa, ko a ɗiga jini a kati, ko a ɗan gutsiri fatar kunne a tura ɗakin gwaji. Nan ma akwai masu yanko gashin da almakashi, to a saiwar DNA ɗin yake, gashin da aka yanke aikin banza ne.

Sai masu gwada abu ɗaya su kwanta barci. A shanun gasa na Amurka, musamman jinin Shorthorn da Maine-Anjou da ruwa-biyunsu, cuta biyu ne suka fi addabar mutane, TH da PHA, kuma kowace da nata gwajin. Maraƙin TH yana zuwa da ƙashin ƙwauri gajere ko babu shi sam, ƙafafun baya a murɗe, ciki a ɓule hanji ya turo, wani lokacin har ƙoƙon kai bai rufe ba, ba ya iya tashi ya sha nono. An bi salsalarta har zuwa wani bijimin Shorthorn daga Ailan mai suna Deerpark Improver. PHA kuwa ni a ganina ta fi muni, don huhun maraƙin ba ya girma, jikinsa ya kumbura da ruwa ya yi nauyin da ba zai fito ta hanya ba, sai an yi wa saniya tiyata, kuma ba abin mamaki ba ne a rasa uwa da ɗa gaba ɗaya. In ka ga THF a takardar bijimi, TH kaɗai ya tsallake, THC kuwa yana ɗauke da ita. Nemi PHAF ma daban, wato shaidar ya tsallake PHA, in babu ka tambaya, in mai shi ya fara kame-kame ka san akwai magana.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu neman mai ɗauke da TH da gangan. Akwai imani a tsakanin 'yan gasa cewa irin waɗannan sun fi yawan gashi da kaurin ƙashi, kuma alƙalai na son haka, shi ya sa maniyyinsu ke tafiya a kasuwa. To in ma za ka bi wannan hanya, sharaɗin ɗaya ne, saniyar ta zama an gwada ta an tabbatar ba ta ɗauke da komai. Haka ba za a sami nakasasshe ba, amma wajen rabin 'ya'yan za su gaji ƙwayar. Maraƙin da za a dandaƙe ya yi gasa ya wuce mahauta ba damuwa. Matsalar tana kan karsana, wadda za ka riƙe ko ka sayar wa wani ya sa a garke, bayan shekara biyu ya haɗa ta da wani bijimin gasa shi ma mai ɗauke da ita, ya tashi da asuba ya tarar da abin da bai taɓa gani ba. Duk karsanar da ta fito daga irin wannan haɗin a gwada ta kafin barbara, kuma a faɗa wa mai saye gaskiya.

Kada kuma ka ce babban suna kariya ne. A 2008 aka gano cutar AM a shanun Angus, wadda maraƙi ke zuwa matacce, gadon baya a karkace gaɓoɓi a sandare, kuma ta bazu ne ta hanyar GAR Precision 1680, ɗaya daga cikin bijiman da aka fi rububin maniyyinsu a lokacin. Bijimi ɗaya ta allurar maniyyi zai iya barin dubban 'ya'ya. Haka dashen ɗan tayi, wato a ɗebi 'yan tayin saniya a dasa a cikin wasu shanun su haife su, saniya ɗaya mai ɗauke da cuta ta cika maka garke cikin shekara guda, don haka ita ce farkon wadda za a gwada.

Akwai kuma masu firgita, sakamako ya fito su kwashe duk masu ɗauke da ƙwayar su kai kasuwa. Asara ce kawai. Saniya mai kyau ka ci gaba da haɗa ta da tsarkakakken bijimi, ka gwada 'ya'yan, ka zaɓi 'yarta da ta tsira ta maye gurbinta, jinin ya zauna cutar ta fita. Bijimi mai ɗauke da ita ne ya fi cancanta a dandaƙe.

Sannan in aka haifi nakasasshe, a daina binnewa a ɓoye don gudun zubewar suna. Ba kowace nakasa ce ta gado ba ma, cutar BVD ko Akabane, waɗanda ƙwayar bairas ke kawowa, in ta kama saniya da ciki tana iya lalata maraƙi, haka wasu tsirrai masu guba. Ɗauki hoto, kira likitan dabbobi tun gawar ba ta lalace ba, a ɗebi samfur na maraƙin da uwar da uban, a tabbatar ma uban da ke takarda shi ne uban gaske, sannan a sanar da ƙungiyar da ke rajistar wannan jinsin shanun.