Kurakuran da ake yawan yi wajen raba ƙarfi a kan ƙarafan tokara

Ɗauki irin madogarar da ake rataya allon shago da ita. Ƙarfe ɗaya, AB, ya fito daga bango a kwance. Na biyu, AC, ya taso daga ƙasan bangon a karkace ya tokare shi a bakin A, kusurwar da ke tsakaninsu digiri 30. An rataya nauyin 500 N (N na nufin newton, ma'aunin ƙarfi) a wurin A, sai aka ce ka raba wannan ƙarfin a kan AB da AC, wato ka gano kason da kowannensu zai ɗauka.

Ɗalibai da yawa hannunsu ya saba da cos (kosayin na lissafin kusurwa), ko tunani ba sa yi. Sai su rubuta 500 cos 60° = 250 N a kan AC, sannan 500 cos 90° = 0 a kan AB, su ja layi biyu a ƙasa. Wannan shi ne babban kuskuren. Abin da cos ke ba ka inuwar ƙarfin ce a kan layin ƙarfen, kuma inuwa ba ta zama kaso sai in layukan ƙarafan biyu sun haɗu a digiri 90. A nan kuwa digiri 30 ne. Gwada da kanka: haɗa 250 N a karkace da sifili, ka ga ko za su mayar maka da 500 N mai kallon ƙasa. Ba za su ba.

Gyaran shi ne zane. Daga kan kibiyar ƙarfin ka ja layi mai tafiya daidai da AB, ka ja wani daidai da AC, faralelogram ya fito, wato siffa mai gefe huɗu da kowane gefe ke tafiya daidai da wanda ke fuskantarsa. Rabinsa alwatika ne mai kusurwoyi 30, 60 da 90. Tun 1586 masanin lissafi Simon Stevin ya nuna amfanin alwatikan ƙarfi, amma har yau mutane na ƙyashin ɗaukar rula. Da dokar sayin (sin), wadda ke haɗa gefunan alwatika da kusurwoyinsa:

500 / sin 30° = AC / sin 90° = AB / sin 60°

AC ya zama 1,000 N, AB kuma 866 N.

Nan ne wasu ke firgita su goge amsar da ke daidai. Ya za a yi kaso ya fi uwarsa? Yana fi mana. Ƙarfen da ke karkace sai ya yi aiki ninki biyu kafin ya ɗaga 500 N, kuma garin yin hakan yana tura bakin A waje, AB ne ke riƙe shi. Rage kusurwar zuwa digiri 10, AC zai ɗauki kusan 2,880 N. Shi ya sa mai walda da ya san aikinsa ba ya kwantar da tokara sosai.

Wajen dokar sayin ma akwai tarko: kowane gefe da kusurwar da ke fuskantarsa ake haɗa shi, ba wadda ke maƙwabtaka da shi ba. 500 N na fuskantar 30°, ba 60° ba.

Sai batun ja da danni. Lamba kaɗai ba amsa ba ce. A misalinmu AB jan sa ake yi, AC kuma danne shi ake yi, kuma siririn ƙarfe mai tsawo kan lanƙwashe da danni tun kafin ja ya iya tsinka shi. Da tokarar daga sama ta sauko, da lambobin ba su canja ba, amma AC ne zai sha ja, AB ya sha danni.

In kuwa ka danna sin 30 kalkuleta ta ba ka −0.988, a radiyan take (wani ma'aunin kusurwa daban da digiri), mayar da ita digiri ka sake lissafin.