Kafin ka sayi rasibar sauti a Abuja

Idan ka zo Abuja sabo, ka kama haya a Kubwa, Lugbe ko Gwarinpa, kuma kana son sauti mai kyau a falo, abin da za ka nema shi ne rasiba: amfilifaya ce mai fitar da sauti hagu da dama, haɗe da rediyo. Masu matsakaicin kuɗi sun haɗa da Yamaha R-S202, Sony STR-DH190 da Onkyo TX-8220. Shagunan kayan lantarki na Banex a Wuse 2 ne wurin fara tambaya, sabuwa ko ta gwanjo.

Tun kafin a kunna maka ita, juya bayanta ka karanta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Na'urar gwanjo da aka rubuta mata 120V kawai, da zarar ta shiga soket ɗinmu fiyus zai tashi, in an yi rashin sa'a har taransifomar ciki ta ƙone. Maganinsa ƙaramar taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya ninka abin da na'urar ke ci: in an rubuta wat 200, sayi mai 500. Wadda ta fito daga Ingila ko Jamus ba ta da wannan matsalar, ita ta fi kwanciyar hankali.

Sannan wutar AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, kan yi sama ta yi ƙasa. Sitabilaiza mai 1000VA ta wadatar, amma a zaɓi mai jinkirta sakin wuta, domin lokacin da aka dawo da wuta ne kaya suka fi lalacewa. Ƙaramin janareta marar daidaita wuta da inbata mai araha kan sa taransifoma ta riƙa gurnani tana zafi. Da damina kuma, in an fara tsawa, zare filogi da wayar eriya gaba ɗaya.

Kada lambar wat ta ruɗe ka. Abin da ake rubutawa PMPO 3000 talla ce kawai. Nemi RMS, wato ainihin wat ɗin da take iya bayarwa a kai a kai, a kan om 8 (om shi ne ma'aunin tirjiyar lasifika ga wuta). Onkyo ɗin nan wat 45 take bayarwa kowane ɓangare, Yamaha da Sony kuma an rubuta musu 100, amma ninka wat desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙarfin sauti, ɗan bambanci ne a kunne. Wat 45 na gaskiya ya isa falon gidan haya. Lasifika ce ke yanke hukuncin daɗin sauti, don haka kashi mafi tsoka na kuɗinka ya tafi can. Duba om ɗinta ya dace da abin da ke rubuce a bayan rasibar. In ka haɗa lasifiku saiti biyu a mashigan A da B ka kunna su tare, masu om 8 sun koma 4 ke nan, na'urar na iya yin zafi ta kashe kanta.

Mashigai kuwa gwargwadon buƙatarka ne. Duka ukun suna da Bluetooth. Mai son haɗa talabijin ya nemi mashigar oftikal, wadda Onkyo ke da ita, sauran biyun babu. Mai faifan garmaho yana buƙatar mashigar da aka rubuta wa PHONO. Sony da Onkyo suna da ita.

Wajen haɗawa, sami wayar tagulla mai kaurin milimita 1.5, ja da ja, baƙi da baƙi. In ka juya ɗaya, ganga za ta ɓace, murya ta watse. Murɗe bakin wayar da kyau, domin silin gashi guda da ya taɓa maƙwabcinsa ya isa ya kashe sautin. Bar mita 2 zuwa 3 tsakanin lasifikun, su ɗan matsa daga bango, ƙananan bakunan masu fitar da siririn sauti su yi daidai da kunnen wanda ke zaune. Yawancin gidajen Abuja tayil ne a ƙasa, sauti ya riƙa amsa kuwwa. Kafet da labule mai kauri sun fi sauya na'ura amfani.

Kada ka ɗora dikoda a samanta, ramukan nan na iska ne. Da hunturu a rufe ta da ƙyalle in an kashe, don ƙura ce ke sa makunnin ƙara ya fara ƙarar-ƙarar.

A shago, je da karatu ko waƙar da kunnenka ya saba da ita a waya. Saurari hagu ita kaɗai, sannan dama, ka murɗa ƙarar a hankali, ka bar ta tana aiki kamar minti 15 ka taɓa samanta. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar kafin ka fita.