Babi na 7: Ƙara wa Babur Mai Ƙafa Huɗu Ƙarfi

Wannan babin na masu shiga fadama ne da babur mai ƙafa huɗu, irin fadamar Argungu da ta Birnin Kebbi, inda laka da yashi ke tsare mota. Karanta a hankali, malam. In kalma ta gagare ka, ɗora yatsa a kanta ka tambayi na kusa da kai. Ba abin kunya ba ne.

Darasi na 1: Iska da fetur

Inji abinci biyu yake ci, iska da fetur. A cikin kafireto ake gauraya su. A ma'aunin nauyi, kusan kashi 15 na iska ke tafiya da kashi 1 na fetur.

Mai neman ƙarin ƙarfi yakan sa salansa mai faɗin baki, ko ya huda akwatin matacin iska. Iska ta ƙaru ke nan, fetur yana nan yadda yake. An ƙara wa miya ruwa, ba a ƙara kuka ba. Sai inji ya ɗau zafi, ya riƙa harbi ta salansa in an saki totur, daga ƙarshe fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, ya ƙone.

Maganin shi ne sauya jet. Jet ɗan ƙarfen tagulla ne mai huda, a ƙasan kafireto yake. Akwai lamba a jikinsa. Babbar lamba, fetur mai yawa. In ka ga 110, sa 112 ko 115. Taki ɗaya kawai ake hawa. In babur ɗinka na injekta ne, ba shi da jet, kai wa bakanike.

Darasi na 2: Duba fulogi

Nan ne yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan.

Sa sabon fulogi. Bar inji ya ɗumama minti 5. Yi gudu a fili da totur a buɗe, sannan ka kashe nan take, kada ka bar shi yana silo. Jira ya huce. Kwance fulogi da sifanarsa, ka dubi farin tangaran da ke bakinsa.

Launin soyayyar gyaɗa: gauraye ya yi daidai.
Fari fat: fetur ya yi kaɗan, ƙara lambar jet.
Baƙi da kunkunniya: fetur ya yi yawa, rage lamba.

Sake karantawa. Fari, ƙara. Baƙi, rage. Da yawa sukan juya shi, su ce fari ai tsafta ce. A'a! Farin ne ke kashe inji. Rufe littafin ka faɗa da baki: fari, ƙara, baƙi, rage. Madalla. In ka kuskure, sake, haka kowa ya fara.

Ka sauya jet? Duba fulogi. Ka sauya salansa? Duba fulogi. Haba malam, kada ka ce kunnenka ya ji inji lafiya lau. Ƙarar salansa ba ƙarfi ba ce. Aikin minti 10 ne ka ƙi yi, ga shi za ka sayi fistin da ringi da gasket, ganda ce kawai ta ja maka.

Darasi na 3: Matacin iska

Kada ka cire shi. Ƙurar hunturu tana cin ringi kamar sanfefa. In na soso ne, wanke da ruwa da sabulu, ya bushe sarai, ka shafa masa ɗan baƙin mai ka matse. Bayan nan, duba fulogi.

Darasi na 4: Haƙoran sarƙa

In naka mai sarƙa ne, sa faifan gaba wanda ya gaza na da da haƙori 1. Zai ƙara ja a laka da ɗaukar buhu, gudu kuma ya ragu. Daidaita sarƙa bayan nan.

Darasi na 5: Faɗaɗa bulo

Bulo shi ne sashen inji mai ramin da fistin ke aiki a ciki, ana faɗaɗa ramin don a sa babban fistin. Aikin masu injin gyaran bulo ne. Bayan an sa babban fistin, yi tafiya a hankali kwanakin farko, ka juye baƙin mai da wuri.