Babi na Bakwai: Sankarar Mama, Iri da Ƙasa

Darasi na 1

Duk matar da ta taɓa zuwa gona a Daura ta san ƙuduji, wato wuta-wuta. Yakan manne wa saiwar gero ya riƙa shan abincinsa. Haka sankarar mama take. Ƙwayar halittar jiki da ta lalace ita ce irin, naman da ke kewaye da ita kuma shi ne ƙasar. Tana jawo sababbin jijiyoyin jini su ciyar da ita, tana rudar sojojin jiki su ƙyale ta. Wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya yi wannan misali na iri da ƙasa tun 1889. In ciwon ya bazu daga mama, inda ya fi samun ƙasa mai taki su ne ƙashi, hanta, huhu da ƙwaƙwalwa. Amma zangonsa na farko, yawanci, hammata ne.

Darasi na 2

Kwana kaɗan bayan kin yi tsarki daga al'ada, kwanta rigingine. Ɗaga hannun dama bisa kai. Haɗa yatsu uku na hagu, ki danna maman dama da cikinsu, kina zagayawa a hankali kina neman ƙullutu. Kada ki mintsina. In kin mintsina, ko lafiyayyen mama sai ki ji kamar da ƙullutu. Da cikin yatsu, Inna, madalla, haka. Yanzu hau zuwa hammata ki lalubi kaluluwa. Kafin nan kuke tsayawa kullum. Hammata. Sake: yatsu uku, a shimfiɗe, har hammata. Sai ki juya ɗaya gefen, shi ma har hammata.

Makon jiya na tambaya, mata biyu kacal suka kai can. Haba jama'a! Kunyar wa kuke ji a cikin ɗakinku? Wadda kuma ta ji ƙullutu ta kai wa wanzami ya yi sakiya, ta huda abin da ba ƙurji ba ne. Rashin zafi ba lafiya ba ne. In kin ji ƙullutu, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina za ki nufa, ko ki fara da asibitin kusa su tura ki.

Darasi na 3

Gado. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne ake gada, sau da yawa ta lahani a ƙwayoyin gado da ake kira BRCA1 ko BRCA2, ta wajen uwa ko ta uba. In mahaifiyarki ko gwaggonki ta yi, faɗa wa likita.

Darasi na 4

Likita zai tsakuri ɗan nama a auna. Irin ciwon ne ke zaɓar magani. Kwafi kalmar "hammata" sau biyar a littafinki.