Yadda ake tsara fuskar manhaja bisa aikin da mai amfani da ita ke yi kullum

Kafin ka zana maɓalli ko ɗaya, je ka zauna da wanda zai yi amfani da manhajar. A ce ta 'yan hatsi ce a Kasuwar Kara ta Sakkwato. Ka wuni a rumfa kana rubuta abin da hannunsa ke yi, ba abin da ya ce yana so ba. Galibi abu uku ke maimaituwa: ciniki, rubuta bashi, da duba wanda ya biya. Su ne shafin farko. Lissafin ribar wata da sauya lambar sirri a tura su can ciki.

Rubuta bashi kada ya wuce gurbi uku: suna, kaya, kuɗi. Ma'auni ya zama buhu da kwano, tunda da su ake ciniki. Kada ka tilasta adireshin imel, kuma wurin nema ya ɗauki Ɗanladi da Danladi a matsayin suna ɗaya, don ba kowa ke da ƙ, ɗ, ɓ a wayarsa ba. Gurbin lambar waya ya buɗe allon lambobi kai tsaye, ya karɓi lamba 11. Na asusun banki 10.

Hasken ranar Sakkwato ma yana cikin lissafi. Rubutu mai ruwan toka a kan fari yana da kyau a ofis, amma da azahar ɓacewa yake. Ƙa'idar WCAG, wadda ke tsara yadda shafukan intanet za su yi sauƙin amfani ga kowa, ta ce bambancin hasken rubutu da bayansa ya kai 4.5:1. Maɓalli kuma, a ma'aunin Android, kada ya gaza 48dp (dp ma'aunin girma ne a fuskar waya).

Inda aka fi yin ɓarna shi ne sabis. Mutum ya danna "Ajiye", waya ta yi shiru, ya sake dannawa, bashin Alhaji ya shiga sau biyu, gobe sai rigima. Don haka a fara ajiyewa a cikin waya, a nuna "An ajiye" nan take, a kulle maɓallin bayan dannawar farko, sannan a tura idan sabis ya dawo. Tambayar "Ka tabbata?" kuwa mutane danna ta suke ba su karanta ba, gara a ba su "Fasa" na 'yan daƙiƙu.

Sai gwaji. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya nuna a 2000 cewa mutum 5 sun isa bankaɗo yawancin matsaloli. Miƙa musu ƙaramar waya mai araha, ka ce "Alhaji ya ɗauki buhu biyu bashi, rubuta", ka ja bakinka ka yi shiru. Duk inda yatsa ya tsaya, nan za ka gyara.