Kontar gudun motarka ta tsaya? Kar ka yi saurin sayen wata

Jama'a mu masu tsofaffin motoci a Maradi, irin su Fijo 504 da 505 da tsohuwar Starlet da Hilux ɗin nan na da, yawancinmu allurar kontar gudu ta kwanta tun tuni kuma ba mu damu ba, sai ka ji mutum na cewa ai ni da kunne nake gane gudun motata. To kunne dai ba zai faɗa maka kilomita nawa ka yi tun bidanj ɗin ƙarshe, wato canjin man inji, ba, kuma in ka hau titin Damagaram kwalta ta miƙe, wallahi kana iya kai 120 kana zaton 90 kake.

Ni abin da ya sa na koyi wannan gyara haushi ne. Na kai motata wani garaji, yaron bai ko leƙa ƙarƙashi ba ya ce Alhaji kontar ce ta mutu, na je na sayo wata ta hannu aka ɗaura, muka tada mota allura ko motsi. Ashe kabul ne ya katse, kontar ta asali lafiyarta lau, tana nan cikin kwali a ɗakina har yau.

Bari in faɗi yadda abin yake aiki don in ka gane shi rabin gyaran ya ƙare. A jikin bwat, wato akwatin giya, wajen da juyi ke fita zuwa tayu, akwai wani ɗan pinyo mai haƙora, yawanci na roba ne. Shi yake juya wata waya ta ƙarfe da aka murɗa kamar igiya, tana cikin kubenta, ta bi ta ƙarƙashin mota ta shigo bayan tablo, wato allon da ke gaban direba, wannan wayar da kubenta su ake ce wa kabul. Bakinta na sama da na ƙasa ba zagaye ba ne, yawanci kusurwa huɗu gare su don su kama. A cikin kontar wayar na juya wani maganaɗisu, shi kuma yana jan wani ɗan kofin alminiyam ba tare da ya taɓa shi ba, allurar na jikin kofin, sai wani siririn sifirin, wato ɗan naɗaɗɗen ƙarfe kamar gashi, da ke maido ta kan 0 in ka tsaya. Dabarar ta tsufa ƙwarai, wani Bajamushe Otto Schulze ne ya yi mata rajista tun 1902, kuma ita ce dai a cikin 504 ɗinka.

Abin da za ka fara dubawa ba ya buƙatar ko kile ɗaya. Lambobin nan masu ƙirga kilomita, su ma wannan wayar ce ke juya su. Saboda haka ka yi ɗan zagaye cikin gari ka sa musu ido. In allura ta kwanta kuma lambobi ma ba su motsi, juyin ne ba ya isowa, wato ko kabul ko pinyo, kar ka taɓa kontar. In kuwa lambobi na tafiya allura ce kawai ta ƙi tashi, to kabul ya yi aikinsa, ciwon na cikin kontar. Da yaron nan ya yi mini wannan tambaya guda ɗaya da ban yi asarar kuɗina ba.

In allurar tana rawa ne, tana tsalle tsakanin 40 da 70 alhali gudunka bai sake ba, ko kana jin ƙara ƙir ƙir ƙir a bayan tablo musamman da sanyin safiya lokacin hunturu, wannan waya ce ta bushe ko ta lanƙwashe ko zarenta ya fara warwarewa, tana maƙalewa tana saki. Tana gab da katsewa ke nan, gara ka cire ta yanzu.

To yanzu gwajin. Ka ajiye mota a wuri madaidaici, ka ja birkin hannu, ka sa dutse a taya, in za ka ɗaga ta kar ka shiga ƙarƙashi kana dogaro da jak kaɗai, ka sa gungume ko ƙarfen tokara. Kuma ka bari salansa ta huce, na taɓa ƙona gwiwar hannu a nan. Nemo inda kabul ya shiga bwat, wasu goro ne ake warwarewa da hannu ko filaya, wasu ɗan kusa ne ke riƙe da shi. A mai tayu huɗu masu ja irin Hilux sau da yawa a jikin ƙaramin bwat na baya za ka gan shi. Ka cire, ka kama bakin wayar ciki da yatsu ka ja a hankali. In ta zo maka guntuwa a hannu, magana ta ƙare, ta katse. In ba ta fito ba, ka murza ta da sauri wani na zaune a mota yana kallon allura, ko mafi kyau ka damƙe bakin a injin huda ka kunna a hankali. Allura ba ta tashi ba? Kar ka yanke hukunci tukuna, juya injin hudar ya koma ɗaya ɓangaren, don kontar gefe guda kawai take karɓar juyi, mutane da yawa sun jefar da kabul mai kyau saboda wannan. In allura ta tashi ta tsaya cak ba rawa, to kabul da kontar duk lafiya, saura pinyo.

Pinyon nan ka zaro shi ka duba haƙoransa, da yake roba ne yakan cinye ya zama sumul, ko ramin da bakin waya ke shiga ya buɗe har waya na zaune shi yana juyi shi kaɗai. Man bwat na iya ɗan zubowa, ka tara kwano. In za ka sayi wani ka tafi da tsohon ka ƙirga haƙora, dole adadinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba kontar za ta yi aiki amma ƙarya za ta riƙa yi maka. Ka duba ɗan zoben robar da ke hana mai fita, in ya mutu mai na bin waya ya hau har cikin kontar.

In wayar ba ta katse ba kana so ka ceto ta, sai ka cire ƙarshen sama ma. Cire kan batir tukuna kafin ka sa hannu bayan tablo. Zare wayar daga kube, wanke ta da fetur, ka riƙe bakin biyu ta sauko kamar baka ka murza ta a hankali. Mai kyau za ta juya sumul, mai lanƙwasa za ka ji tana fizga tana tsalle, wannan ba ta gyaruwa, kar wani ya ce maka zai miƙe ta da guduma. Haka in bakin ya goge ya zama zagaye.

Wajen giris ne nake so mu zauna kaɗan, don nan ake ɓata aiki. Mu dai mun ɗauka yawan giris shi ne kulawa, sai a cika kube dam. Wayar nan murɗaɗɗiya ce, tana juyi tana tura giris sama, ya shiga tsakanin maganaɗisu da kofi, sai allura ta fara nauyi ko ta haura fiye da gudunka, ga ƙurar garin nan ta haɗu da shi ya zama taɓo. Shafa kaɗan kawai, marar kauri, daga ƙasa zuwa wajen kashi biyu cikin uku na tsawonta, ka bar sauran na sama a bushe.

Sabon kabul kuwa tsawonsa ya zo daidai da tsohon, ka bi da shi hanyar da tsohon ya bi, ba lanƙwasa mai tsanani, nesa da salansa don zafi na narkar da kuben. Wajen maidawa ka ɗan juya wayar har ka ji bakin ya faɗa raminsa kafin ka ɗaure, kar ka matsa da ƙarfi.

In ciwon na cikin kontar ne gaskiya ni ba na ba da shawarar buɗewa, sifirin ɗin nan ko yatsa ya taɓa shi ya lalace. Kai wa mai gyaran agogo mai haƙuri, ko a nan ne ka nemi ta hannu.

Da ka gama ka hau hanyar Tasawa ko ta Ɗan Isa ka gwada. Riƙe allura a kan 60, wanda ke gefenka ya duba agogo, kilomita ɗaya ya kamata ya ci minti ɗaya, ko ya buɗe GPS a wayarsa ku kwatanta. In ta ɗan fi GPS da kaɗan ba komai, haka ake yin su. In kuma tana nuna ƙasa da gudunka sosai, kafin ka sake zargin kabul leƙa tayunka, wataƙila ka sa waɗanda suka fi na asali girma.